Bindigogin da Kawu Ke Ratayewa a Zaure

Yau da azahar kafil, maigidana a nan ƙasar Larabawa, ya aike ni gonarsa ta Umm Salal in kai ciyawa. Na tarar da bareyinsa a cikin shingen waya, sun lafe a inuwa suna haki kamar ni. Sai na tuna Kawu, yayan mahaifiyata, shugaban maharban ƙauyenmu.

Da ruwan farko ya sauka, Kawu yakan bi gida-gida ya karɓe bindigogi, ya rataye su a zaurensa har kaka, don bareyi su haihu. Zauren sai warin albarushi da man gyaɗa. Da kaka kuma shi ke duba sawu a bakin tafki, ya faɗi bareyi maza nawa za a harba.

Wata shekara matata na jego, na ɓoye bindigata a rumbu na ce ta lalace. Da hantsi ya iske ni a daji na auna wata barewa mai ciki. Bai yi faɗa ba. Ya dafa bakin bindigar da tafinsa mai kaushi, ya sunkuyar da ita.

"Taka ta sauka lafiya," in ji shi. "Bar wannan ma ta sauka."

Na bi shi gida ina ƙunƙuni, ya yanka mana zakaransa.

Tun rasuwarsa babu mai karɓar bindiga. Ƙanena ya ce ko sawu ba a gani a tafkin yanzu. Ni kuma ga ni nan, baya na ciwo, ina ciyar da bareyin wani.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Ya yafe mana abin da muka ƙarar.