Layukan da Kawu Ya Sa Na Goge

Shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik aka tsaurara biza, har baƙi tsofaffin mazauna Guangzhou suka fara ɗaure kaya. Ina ɗalibi lokacin. Akwai wani dattijo ɗan unguwarmu a Kano da nake kira Kawu. Ya shekara goma yana raka fatake shagunan Guangyuan, ya auri 'yar ƙasar, 'yarsu ɗaya. Bizarsa saura wata guda. In babu kamfanin da ya ɗauke shi aiki, sai gida, matar kuwa ta ce ita da yarinya ba inda za su.

Bayan sallar Juma'a ya ja ni ɗakinsa a Dengfeng in rubuta masa wasiƙar neman aiki a wani kamfanin jigilar kaya. Na zage na rubuta: yana jin Sinanci kamar ɗan gari, manyan fataken Kwari ba sa sayen ko ɗankwali sai da shi, iyalinsa na nan garin. Da na karanta masa da Hausa sai ya haɗe rai.

"Kai, goge! Ni da bakina zan ce na iya? Ai sai a ce ba ni da tarbiyya."

"Kawu, haka ake yi a nan."

"Kuma wa ya sa ka zancen yarinyar?"

'Yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa. Ya sa na cika wata takardar da gaisuwa, da cewa shi ba kowa ba ne, a taimaka. Na san kuskure ne, wallahi na sani. Amma babba ya yi magana, na kasa musu. Wannan na aika, ta farkon na cusa a jaka.

Sati biyu shiru, sai na je da ƙafata. Laoban, wato mai kamfanin, ya zaro wasiƙar ya karkaɗa kai. Ya ce mai jin Sinanci suke nema, sun ɗauki wani shekaranjiya, wannan ai bai ce yana ji ba. Innalillahi! Ta farkon tana rataye a kafaɗata.

Ban taɓa gaya wa Kawu ba, kuma har yau abin yana cin raina.

Ranar da zai koma gida, a filin jirgi yarinyar ta riƙe masa ƙafar wando ta ƙi saki. Ya tsuguna a gabanmu duka, ya kira sunanta sau uku. Ranar na fara jin sunan a bakinsa.