Iya ta kira Ladi

Jama'a, yau Iya ta yi magana, amma da ma ban kunna fim ɗin nan ba.

Kun san Iya kakata, wata bakwai ke nan ba ta furta ko kalma ɗaya ba tun da ɓarin jikinta ya shanye. Bayan azahar ina zaune kusa da tabarmarta, ina kallon sabon fim ɗin aljanun da aka tura min a kasuwar Makarfi, wanda ya koma baya ya nuna yadda abin ya faro. Ni bai ma ba ni tsoro ba, na farkon ya fi shi.

Aka zo inda wata yarinya ke leƙa rijiya. Sai ji na yi Iya ta damƙe hannuna. Idonta na kan wayar. Da murya tar ta ce, "Ku ce wa Ladi ta matsa daga nan."

Wallahi wayar sai da ta faɗi! Na kira Baba, ya baro gonar rake a guje. Da na faɗa masa sai ya ce, "Ladi ƙanwarta ce. Ta faɗa rijiya a Gubuchi suna yara. Iya aka bar wa ita ranar." Ban taɓa jin wannan ba.

Baba ya durƙusa gabanta. "Iya, ni ne Musa. Ki ce wani abu." Hawaye kawai take yi.

Ya daɗe a haka, sannan ya juyo ya tambaye ni, "Muryar tata tana nan yadda take?"