Gwazar da Aka Kife da Baho

Sueko Tsuchida shekararta saba'in da tara. Mijinta ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ɗanta guda, Noboru, yana Osaka yana gyaran lif a dogayen benaye, ita kuma tana zaune ita kaɗai a gidan katako a gefen garin Ono, inda gonakin shinkafa suke ƙarewa duwatsu su fara. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki a masaƙa kafin a rufe ta. Bayan gidanta akwai lambu wanda tsawonsa bai wuce taku ashirin ba, kuma kunya huɗu a cikinsa na gwaza ne.

A Ono kowa yana shuka gwaza, amma tata daban ce. Jan kara gare ta, ganyenta kuwa ya fi na kowa faɗi, har a watan Agusta in Sueko ta shiga tsakanin kunyoyin sai ta ɓace, sai dai a ga ganye yana motsi. 'Ya'yan ƙanana ne masu gashi, ga wuyar ferewa, ga sa hannu ƙaiƙayi. Amma in aka dafa su da miso, irin daddawarsu ta waken soya, yauƙinsu da garɗinsu sai wanda ya ci. Mahaifiyarta ce ta sauko da irin a buhu daga ƙauyensu na cikin duwatsu, shekarar da aka tashe su za a tare ruwa a kwarin. Gida bakwai suka sauko da shi. Waɗansu sun mutu, waɗansu sun tafi birni, waɗansu sun gaji da wahalar ferewa sun koma irin da kowa yake shukawa. Yau shekara shida ke nan ba wanda ya rage da shi sai ita.

Gwaza ba ta da ƙwayar iri da za a ƙulle a takarda a ajiye a kan kanta. Abin da aka tona a Nuwamba shi ake mayarwa ƙasa a Afrilu. In ya ruɓe a hunturu ɗaya, magana ta ƙare.

Sueko ba ta taɓa karanta littafin noma ba. A Yuni da Yuli takan tara wa gindin ƙasa sau biyu, don 'ya'yan kada su leƙo rana. A Agusta takan karkato ruwan kwata ya kwanta tsakanin kunyoyin, gwaza kuwa ba ta yafe ƙishirwa. Baƙaƙen tsutsotsin da ke cin ganye da tsinken cin abinci take tsince su, ta zuba wa kajin maƙwabcinta. Maƙwabcin, Gen'ichi Hirose, ya girme ta da shekara huɗu, kuma tun suna da ƙarfinsu yake kiran gwazarta abincin aladun daji.

"Sue-chan, har yanzu kina noma wa aladu?"

"Ina noma wa masu haƙori ne, Gen-san. Kai ci gaba da shan kununka."

Babban aikin shi ne na ajiya. Takan ware gindi talatin da wani abu mafi kyau, ta yanke karan, ta bar uwa da 'ya'yanta da jikokinta a manne, da ƙasarsu da komai. Sai ta haƙa rami a tudun lambun, ta shimfiɗa karan shinkafa, ta jera su kai ƙasa gindi sama, ta zuba buntu, ta tsayar da damin kara a tsakiya don su sha iska, ta tula ƙasa. Dalilin kifewar shi ne, bakin karan da aka yanke kamar bakin kwalba yake. In ya kalli sama, ruwan ƙanƙara zai bi ta nan ya shiga cikin uwar, ita kuma ta ruɓar da 'ya'yanta. Sueko ba ta taɓa faɗa wa kowa wannan dalili ba, don ba ta taɓa zaton akwai wanda bai sani ba.

Bara, ranar uku ga Nuwamba, ta tona kunya biyu, ta ɗauko bokiti za ta shiga gida, santsi ya kwashe ta a kan dutsen bakin ƙofa. Ƙugunta ya karye. Gen-san ne ya ji kiranta ya kira motar asibiti.

Noboru ya iso washegarin da aka yi mata aiki. Shekararsa hamsin da huɗu, mutum ne mai tsari, wanda ko ƙusa ya cire sai ya sa ta a leda ya rubuta mata lamba. Tun yana ɗan shekara goma sha takwas rabonsa da fartanya. Sueko tana kwance, magani bai gama sakin ta ba, amma abin da ta fara tambaya shi ne ko raɓa ta fara daskarewa da safe.

"Inna, bar maganar gona. Ƙafarki fa?"

"Ƙafa tana nan inda likita ya ajiye ta. Ɗauko abin rubutu."

Ya ciro wayarsa. Ta ce ya haƙa rami ya kai masa cinya. Ya shimfiɗa kara. Kada ya wanke su, kada ya raba uwa da 'ya'ya. Ya kife su. Ya zuba buntu, ya tula ƙasa. Ya rubuta duka, ya karanta mata, ta ce yauwa. Maganar damin kara na shan iska kuwa barci ya ɗauke ta ba ta kai gare ta ba.

Kwana biyu ya yi yana aikin. Ya tona sauran kunyoyin, ya binne gindi talatin da biyu. Sauran gwazar ta ci kuwa, da ya tuna uwarsa za ta dawo ba ta iya doguwar tsayuwa, sai ya zauna ya fere ta tas, ya ƙulla a leda daidai girki ɗaya ɗaya, ya jera a firiza. Hannuwansa sun kwana uku a kumbure.

Sai tsakiyar Disamba ya sake samun zuwa. Ya zauna a bakin gadonta ya shiga nuna mata hotunan aikin a waya, yana jin daɗin kansa. Ga ramin, kusurwoyinsa kamar an auna da magwaji. Ga karan a shimfiɗe. Ga gwazar a jere, kowace bakin karanta yana kallon sama. Hoto na gaba kuma wani shuɗin abu ne a tsakiyar ramin.

"Mene ne wannan?"

"Bahon wankinki ne, tsohon nan na bayan ɗaki. Duk gidan na duba, ba abin da ya kai shi faɗi. Bai rufe su duka ba dai, na gefe sun..."

"Me ya kai bahona cikin rami?"

"Ba ke kika ce in kife su ba?"

Sueko ta ɗago ido daga hoton.

"Su za ka kife, Noboru. Su ɗin. Kai ƙasa, gindi sama. Wa ya ce maka kifi ne da za ka kifa musu kwano don kyanwa?"

Matar gadon kusa ta fashe da dariya, ta ga fuskar Sueko, ta mayar da abin tari.

"To, ga na firiza, ba za a iya..."

"Ka taɓa ganin abin da aka feɗe ya haihu?"

Noboru ya miƙe ya ce yanzu zai je ya tone ya gyara. Amma a ranar, dusar ƙanƙara ta riga ta kai ƙugu a lambun. Suka kira Gen-san a waya, ya saurara har ƙarshe, karo na farko a tarihinsa bai yi tsiya ba. Ya ce in aka buɗe ramin a wannan sanyi, abin da ruwa ya bari sanyi zai kashe shi kafin a mayar da ƙasa. A bar shi sai Afrilu.

Wata huɗu ke nan. Sueko ta dawo gida a Fabrairu tana tura ɗan keken da tsofaffi ke dafawa. Daga tagar kicin tana hango tudun ramin, wani ƙullutu fari a cikin fari. Ta riƙa lissafin hanyoyin da za su mutu: na gefe ruwa zai shiga bakinsu, na tsakiya baho zai toshe musu numfashi su gumu. Duk Lahadi Noboru yakan kira. Su yi maganar ƙafa, su yi maganar mai share mata ƙanƙarar rufi, su yi maganar matarsa da ciwon bayanta. Ba wanda ya ambaci rami. Gwazar firiza kuwa ta dafa leda ɗaya ta ajiye a gaban hoton mahaifiyarta, sauran ta kasa taɓawa. Ta ce in ta cinye, kuma ramin ya zo da mugun labari, to ita ce ta cinye na ƙarshe a duniya da bakinta.

Malamar motsa jiki ta ce ta yi taku ɗari biyu kullum a cikin gida. Sueko ta riƙa yin ɗari huɗu. Ba son tafiya ba ne. Ba ta yarda a buɗe ramin nan tana leƙe ta taga ba.

Ranar Asabar ta biyu a Afrilu, ƙasa ta sha iska. Noboru ya zo da jirgin ƙasa na safe, ya sa takalman roban mahaifinsa. Aka kawo wa Sueko kujera bakin ramin. Gen-san ya tsallako, hannu a baya.

"Na zo jana'iza ne ko suna?"

"Ka zo tsayuwa ne, kamar kullum," in ji Sueko. "Noboru, ajiye shebur ɗin nan. Da hannu."

Warin ne ya fara fitowa tun kafin a ga komai. Buntun gefe ya jiƙe ya yi baƙi. Noboru ya ɗago gindi na farko, ya narke a hannunsa kamar ruɓaɓɓen tumatir. Na biyu haka. Na uku haka. Yana ɗagowa yana ajiyewa a kan buhu, Sueko tana matsa kowane da babban yatsa, ko da ido ya riga ya gaya mata. Har gindi ashirin da uku, ba ko ɗaya. Noboru ya yi gumi sharkaf, bai ɗaga kai ba.

"Inna, ki yi haƙuri."

"Ɗaga bahon."

Bahon ya kama ƙasa, sai da Gen-san ya sa hannu suka ɗaga tare. Karan da ke ƙarƙashinsa a bushe yake, rawaya kamar jiya aka shimfiɗa. Gindi tara ne a ciki, a tsaye yadda Noboru ya jera su. Sueko ta miƙa hannu aka ba ta ɗaya. Ta matsa uwar, tauri. Ta ɓalle ɗa guda ta goge ƙasar a jikin rigarta, sai ga ɗan toho ja a kansa, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta ciro wuƙa ta tsaga wani, cikinsa fari tas. Ta shinshina. Ta ɗora a harshe, ƙaiƙayin ya kama ta, ta tofar.

"Da ransu," ta ce.

Noboru ya zauna daɓas a cikin laka. Sueko ta karɓi sauran takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta matsa kowane, duka lafiya.

Gen-san yana jujjuya bahon. A gefensa akwai tsaga mai tsawon hannu, wadda saboda ita aka daina wanki da shi. Ruwan sama bai samu shiga ba, iska kuwa ta samu.

"Ka ga ikon rashin sani," ya ce. "Sue-chan, ashe shekara sittin kuna wahalar kife gwaza, baho ya kamata ku kife."

"Ashirin da uku sun mutu, tsoho. Kai ba ka iya ƙirga ba?"

"Na iya ƙirga tara."

Ta juya ga ɗanta, wanda har yanzu yake zaune a laka yana share fuska da bayan hannu. "Tashi, za ka jiƙa wandonka. Ka ci abinci kuwa?" A ranar ta fito da leda uku daga firiza, ta dafa da miso, su uku suka ci. Gen-san ya ƙara sau biyu, ya ce yunwa ce.

Daga gindi taran nan ta ɓalle iri saba'in da huɗu masu toho. Ƙugun ba zai ɗauki kunya huɗu ba bana, don haka uku ta shuka, iri arba'in da takwas, Noboru yana haƙa tana sakawa daga kan kujera. Ya ce zai dawo a Yuni don tarin ƙasa, a Nuwamba kuma don rami. Ta ce ya zo, amma a wannan karon a gabansa za ta yi ya gani, ba za ta sake aika shi da baki ba.

Ragowar ashirin da shida ta raba biyu. Rabi ta aika wa wata 'yar ƙauyensu da ke aure a Katsuyama, wadda ta yi kuka a waya. Ɗaya rabin kuwa, ranar Talatar nan da ta wuce ta zuba shi a kwandon kekenta, ta tura har ƙofar Gen-san. Ya ce shi ba shi da aladu. Ta ce ya shuka a bayan rumfarsa inda ruwa yake kwanciya, taku biyu tsakanin kowane, tohon yana kallon sama, kuma ta tsaya a wurin har ya je ya ɗauko fartanya.