Disket ɗin da Ya Kai Ka Kano, Injiniya Sanda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da la'asar ɗin Talata, 14 ga Oktoba, 1997, labari ya iske mu a ofishinmu na safiyo da ke Mando, Kaduna, cewa motar da ka shigo daga Kano ta yi hatsari bayan Zariya, kuma Allah Ya karɓi ranka.

Injiniya Sanda, kai ne mai kula da babbar kwamfutarmu, saba, wadda ke riƙe da taswirorin filayen jama'a. Kana ce mata Hajiya. In ta yi gardama sai ka shafa bayanta ka ce, "Haba Hajiya, me muka yi miki?" Ban taɓa jin ka ɗaga wa kowa murya ba. A Kurmin Mashi kuwa, falonka ya zama asibitin rediyon maƙwabta, kuma ko sisi ba ka karɓa. Ranar da mahaifiyata ta kwanta asibiti, kai ka wuni a kanta don in samu in runtsa.

Makon jiya wuta ta dawo da ƙarfi, ta ƙone katin da ke haɗa saba da faifanta. Ka sa sabon kati, amma da ka kunna sai allo ya yi shuɗi, ta ce ba ta ga faifai ba. Manaja ya ce a goge komai a sake. Ka ƙi. Ka ce taswirori suna nan lafiya, saba ce ba ta san sabon katin ba, sai an ba ta ɗan shirin da ya zo da katin a disket, ƙaramin faifan nan da ake saka wa kwamfuta. Ka buɗe durowa ka ɗauko disket ɗin, ka saka. Abin da ya fito katin gayyatar walimar 'yata ne.

Al'adarmu ce a ofis, duk mai buƙatar disket ya zari na kusa ya goge. Kai kaɗai kake faɗa a kan haka, muna ta yi maka dariya. Ka juyo ka dube ni, na sunkuyar da kai. Na ce ni zan je Kano wurin dillalin da ya sayar mana da katin in karɓo wani disket ɗin. Ka ce, "Zauna, Malam Inuwa, kana da biki a gabanka. Kuma in na tura ka, katin suna za ka kawo mini." Manaja bai taɓa jin sunana daga bakinka ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma kunya da nadama sun hana ni sakewa, domin kujerar nan da ka zauna a cikin motar, tawa ce.

Bayan addu'ar uku ƙanenka Tijjani ya kawo mana abin da aka samu a aljihun rigarka, sabon disket, an naɗe shi a leda. Ni na saka shi da hannuna. Hajiya ta tashi, ko taswira ɗaya ba ta ɓata ba, kuma babu wanda ya iya yin murna.

Allah Ya jiƙanka, Sanda, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Uwargidansa Hajiya Turai, da 'yarsa Sa'adiya da ƙannenta, da Tijjani, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Na zo gaisuwa na kasa faɗa muku wannan. Shi ya yafe mini tun kafin ya hau mota. Ku nake roƙo yanzu.