Laimar Tekun Baba Mai Igiya

Idan ana lissafin mutanen da teku ta yi wa rowa, to a sa Baba Mai Igiya a sahun gaba. Tun gashinsa na baƙi yake aiki a jirgin ruwan wata cibiyar bincike, har kansa ya yi fari fat, amma bai taɓa shigowa gida da kifin da za a iya soyawa ba. Aikinsa ɗaya ne: ya tsaya gaban injin da ke sakin igiyar ƙarfe, ya zura raga can ƙasan teku inda rana ba ta leƙawa, sannan ya jawo ta sama a hankali. Wai shi ma ɗan kimiyya ke nan. Haka yake gaya wa maƙwabta, su kuma su gyaɗa kai don a zauna lafiya.

Abin da ragar ke kwasowa kuwa, sai dai a ce Allah mai iko. Ga kifi mai fitila a goshi da haƙora kamar ƙusoshi. Ga wani da bakinsa ya fi cikinsa girma. Sai kuma waɗanda masu bincike ke kira jelifish, ma'aikatan jirgi kuma ke ce musu laimar teku: ba ƙashi, ba jini, ba ƙwaƙwalwa, jikin kusan duk ruwa ne, suna yawo abinsu suna jan wasu dogayen zare. Ranar da ya yi wa matarsa wannan bayani, ko kai ba ta ɗago daga wankinta ba.

"Marasa ƙwaƙwalwa masu yawo? Ai ko a layin nan akwai su, ba sai an ƙona man jirgi ba."

To cibiyar tana da wata al'ada. In aka samo halittar da ba a taɓa gani ba, akan raɗa mata sunan wani ma'aikaci, ya shiga littattafan ilimi har abada. Mai dafa abincin jirgi ya samu tsutsa. Direban shugaban cibiya, wanda ko gefen jirgi ya tsaya sai ya yi amai, ya samu ƙaguwa sukutum. Baba Mai Igiya, wanda da hannunsa ya jawo su duka biyun, ya samu godiya. Yakan ce shi wannan bai dame shi ba. Ƙarya yake yi, abin na ci masa rai ƙwarai, ga shi ritaya ta ƙarato.

A fitarsa ta ƙarshe teku ta ji kunyarsa. Raga ta fito da wata laima ja jawur, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, kuma da an taɓa ruwan sai gefenta ya kama walƙiya shuɗiya, tana zagayawa. Dakta, matar da ke jagorantar binciken, ta daɗe tana kallonta baki buɗe, sannan ta juyo.

"Baba, wannan taka ce. Sunanka za ta ci."

Ta ƙara da bayani dalla-dalla. Ita kaɗai ce aka samu. Za ta zauna cikin kwalbarta a ɗakin sanyi na cibiya har a dawo daga hutun ƙarshen mako, a ɗauki hoton haskenta tana da rai, a auna ta, a saka ta a ruwan magani. In babu jikinta a hannu, babu suna. Makullin ɗakin kuwa aka damƙa wa Baba, mutumin da duk tsawon aikinsa ko ƙusa bai taɓa ɓatarwa ba.

Washegari da hantsi sai ga wannan amintacce a cikin motar haya, ya rungume kwalba naɗe da tawul kamar mai jego. Hujjarsa mai ƙarfi ce: zuwa da dawowa ne kawai, matarsa ta gani da idonta, 'yarsa ma ta gani. Motar ta maƙale a cunkoso, rana ta buɗe, tawul ɗin ya yi ɗumi.

A falo ya ture kwandon kayan guga, ya ajiye kwalbar a tsakiyar tebur, ya kira 'yarsa a waya ya ce ta bar duk abin da take yi ta zo. Matarsa ta sa tabarau, ta sunkuya.

"Malam, ni fa tsumma nake gani a cikin ruwa. Ina hasken?"

Ya ƙwanƙwasa kwalbar da farce. Shiru. Ya ɗan girgiza ta. Laimar ta juya a kasalance, ko ƙyas ba ta yi ba.

"Gilashin ne ke ɓoye ta," in ji shi. "Miƙo min faranti."

Nan ne abin haushin yake. Babu wanda ya kai shi sanin abin da ke faruwa da laimar teku in ta bar ruwanta, don ya sha ganin irinta na narkewa a dandamalin jirgi, ya sha yi wa sababbin ma'aikata tsawa a kan haka. Amma shekara da shekaru ana yi maka kallon wanda ke fita ya dawo hannu rabbana, sai ka ga dattijo ya manta karatunsa kaf. Ya tuntsurar da kwalbar a kan farantin shayi.

Laimar ta baje. Abin da yake a tsaye kyakkyawa cikin ruwa ya zama kamar farin ƙwan da aka fasa, da ɗan ja a tsakiya. Ya ruga kicin ya ɗauko cokali don ya mayar da ita, cokalin ya raba ta biyu. Ya sa hannu, ta bi ta tsakanin yatsunsa. Ya tsaya yana kallon tafinsa, don ya san sunan da ya jira duk rayuwarsa ne ke ɗiga a kan ledar tebur.

Ana cikin haka 'yar ta yi sallama, tana haki, goye da jaririnta.

"Baba, ina take? Wallahi ko girki ban sauke ba."

Ya nuna mata farantin da haɓa. Ta duba, ta ga ruwa ja-ja da ɗan kumfa, ta juya wajen uwarta tana shirin dariya, don ta san daga nan ake samun sharhi mai daɗi.

Uwar ta cire tabarau, ta dubi mijinta, wanda ke tsaye hannu a jiƙe bai san inda zai sa shi ba.

"Kin makara ne," ta ce. "Ni na gan ta. Har haske ta yi, shuɗi, gwanin kyau."

Sannan ta ɗauki tawul ɗin ta kama hannunsa ta shiga goge masa yatsu ɗaya bayan ɗaya.