Yaya Sale ya huda rufin masana'antarsa

Ina shiga ɗakin matse man riɗi na yayana Sale a unguwar Diguel, na tsaya cak. Tsakar rana, watan Mayu, inji na ta ruri, amma iska na kaɗawa a ciki. Wurin da na sani kamar tanderu!

Na ce, "Yaya, klim ka saka, na'urar sanyaya ɗaki?"

Ya yi dariya. "Da wace wutar? Janaretan da ƙyar yake jan injin. Ɗaga kanka."

Ashe kwanon rufin ya yanke daga wannan bango zuwa wancan, ya fasa tagogi ƙasa-ƙasa. Wai tun ranar da zafi ya sumar da Inna Zara, mai tace musu mai, ya kasa sukuni.

Ya ce, "Zafi sama yake hawa. Hanya kawai na ba shi."

Na kalli sararin sama, na kalli buhunan riɗi jibge a ƙasa.

"To Yaya, in damina ta sauka fa?"

Har na fito yana kallon rufin.

Jama'a, ta ina ake fitar da zafi ba a shigo da ruwa ba? Ku taimaka, hadari ya fara haɗuwa.