Tanko da Jan Ruwan Foraj

Shekara talatin Tanko ya yi yana haƙar rijiya a ƙauyukan Bawdeta. Dunƙulen ƙasa yake ɗanɗanawa ya faɗi gaba nawa ya rage a tarar da ruwa. Rijiyar garinsu ma shi ya haƙa ta, tun yana da ƙarfinsa.

Da aka zo da mota za a haƙa musu foraj, wato rijiyar burtsatse, ya tsaya yana kallon ƙasar da injin ke fitarwa. Ya ga ja, can kuma baƙa. Ya ce wa maigari, "Ruwan ƙasan nan da tsatsa. Kada ku saki tsohuwar rijiya."

Maigari ya yi dariya. "Tanko, kishin inji kake?"

Ruwa ya fito garau, mata suka yi guɗa, aka bar rijiya yashi yana cin ta.

Ba a yi wata uku ba abin ya bayyana. A ɗebo ruwa da safe fari tas, kafin azahar ya koma ja, gindin randa ya yi baƙar laka. Shayi ya zama kamar tawada. Fararen riguna suka yi dabbare-dabbare, fura tana ƙarnin ƙarfe, yara suna tofarwa. Wani ma'aikacin ruwa ya zo daga Tasawa ya auna, ya ce ƙarfe ne da wani sinadari mai suna manganis, sai an gina matatar ruwa. Ya rubuta takarda ya tafi. Damina biyu ta wuce, ba matata.

Sai dattawa suka zo ƙofar Tanko, maigari a gaba, kansa a sunkuye.

"A taimaka a yashe mana rijiyar."

'Yarsa Kadijatu, wadda ke riƙe da shi tun rasuwar uwarta, ta ce, "Baba, ka haura saba'in. Su nemi wani."

"Wa ya san cikinta in ba ni ba?" in ji shi.

Kwana huɗu yana sauka da igiya, ana jawo yashi a guga. Rana ta biyar, ƙafarsa ta fara jin laima ke nan, gefen rijiyar ya rufto. Sai la'asar aka zaro shi, da rai, amma ƙugu ya karye. Ba wanda ya sake yarda ya shiga, aka jera itace aka rufe bakinta.

Tanko bai ƙara tsayuwa da ƙafarsa ba. Yanzu Kadijatu ta jera randuna uku a tsakar gida, tana juye ruwa daga wannan zuwa waccan ya kwana biyu, ta tace da tsumma kafin ta kai masa. Duk da haka ƙarnin bai fita duka.

Bara matan unguwa suka fara zuwa koyon yadda take yi. Gidaje huɗu kuwa sun kwashe shanunsu sun koma wajen Mayahi.